Kwana 778 a Kiyef: Iyakar Ƙage a Labarin Mamaya

Ranar 19 ga Satumba, 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus suka shiga Kiyef, babban birnin Yukiren, wadda a lokacin take cikin Tarayyar Sobiyet, ba su fita ba sai 6 ga Nuwamba, 1943. Kwana 778 cur. Littafin tarihin yaƙi yakan kawo waɗannan ranaku biyu, ya ja kibiya a kan taswira, ya ƙirga tankoki da rundunoni, sannan ya bi sojoji zuwa fagen daga na gaba. A tsakanin ranakun biyu kuwa akwai mutanen da ba su da bindiga, ba su kuma samu gurbi a jiragen ƙasan da suka kwashe masana'antu da manyan ma'aikata zuwa gabas ba. Kafin yaƙi mazauna birnin sun haura 900,000. Da sojojin Sobiyet suka dawo, kimanin 180,000 suka tarar. Wasu sun tafi soja, wasu an harbe su, wasu yunwa ta ci, wasu an loda su a taragu zuwa Jamus. Waɗanda suka rage kuma kowannensu yana ɗauke da amsar tambayar da ba ya son a yi masa: kai yaya aka yi ka rayu?

Wannan tambaya ita ce jarin duk marubucin da ya zauna zai ƙaga labari a kan farar hular Yukiren a ƙarƙashin mamaya. An daɗe ana rubuta irin waɗannan littattafai, da harshen Yukiren da Rashanci da Turanci, kuma tun da Rasha ta afka wa ƙasar ranar 24 ga Fabrairu, 2022 hankalin masu karatu ya sake komawa kansu. Ni dai matsayata a kansu ɗaya ce. Marubuci yana da damar ya ƙirƙiro mutum, ya gina masa ɗaki, ya sa masa magana a baki. Abin da ba shi da dama a kai shi ne ya gusar da kabari daga inda yake, ko ya musanya wanda ya harba da wanda aka harba. A wata ƙasa sai a ce wannan tsaurin ra'ayin masu nazarin adabi ne kawai. A Yukiren kuwa an kwashe kusan shekara hamsin hukuma tana gyara labarin mamayar nan yadda ya yi mata daɗi, har ta kai wani lokaci ƙagaggen labari ke faɗin gaskiya, rahoton gwamnati ke shara ƙarya.

Abu na farko da ke tona asirin marubucin da bai yi bincike ba shi ne ya ɗauka mamayar guda ɗaya ce. Gunduwa-gunduwa aka yi da ƙasar. Tsakiyarta, har da Kiyef, ta shiga hannun wani jami'in Jamus mai suna Erich Koch, wanda ya kafa hedikwatarsa a garin Rivne. Yankin Galisiya da birnin Lviv an haɗe su da mulkin Jamus da ke riƙe da Folan. Odesa da ƙasar da ke tsakanin kogunan Dniester da Bug an miƙa wa Romaniya. Gabas, irin su Kharkiv da Donbas, suna hannun soja kai tsaye saboda kusancinsu da fagen daga. Bayan tsaunukan Karpatiya kuma Hungari ke iko. Kowane yanki da dokar kasuwarsa, da irin mutuwarsa. Mutanen ma ba tabo ɗaya suka shigo da shi yaƙin ba. Mutumin Lviv tun 1939 kawai ya san mulkin Sobiyet, ya ga an kwashe maƙwabtansa zuwa Siberiya, ya kuma ga gawarwakin fursunonin da 'yan sandan ciki suka kashe a kurkuku a ƙarshen Yunin 1941 kafin su gudu. Mutumin ƙauyen Poltava nasa tabon ya fi zurfi: yunwar 1932 zuwa 1933 da suke kira Holodomor, wadda manufofin Stalin suka haddasa, ta kashe mutum kusan miliyan huɗu a Yukiren. Shekara takwas kacal tsakaninta da zuwan Jamus. Duk matar ƙauyen da ta kai talatin a 1941 ta san yadda cikin yaro ke kumbura kafin ya mutu.

Shi ya sa a wasu ƙauyuka aka tari Jamusawa da burodi da gishiri, yadda al'adarsu ta tanada ga baƙo. Marubucin da ya ɓoye wannan don kada jarumarsa ta yi muni ya cuci labarin, wanda kuma ya kawo shi ba tare da yunwar 1933 a bayansa ba ya cuci mutanen. Zatonsu za a rushe gandun haɗaka da ake kira kolhoz a mayar wa kowa gonarsa, a buɗe coci-cocin da aka rufe. Cocin dai an buɗe. Gandun kuwa Jamusawa suka ga babu hanyar tatsar hatsi da ta fi shi sauƙi, sai suka canja masa suna suka bar shi yana aiki. An gudu ba a tsira ba.

Tun kafin a harba harsashin farko, masu tsara harkar abinci a Berlin ƙarƙashin Herbert Backe sun yi lissafinsu sun gama: hatsin Yukiren zai ciyar da sojojin Jamus da iyalansu a gida, mutanen manyan birane kuma su ji da kansu. Suna sane miliyoyi za su mutu. A Kiyef aka kafa shingaye a hanyoyin shiga gari ana ƙwace abincin da mutane suka ɗauko daga ƙauye. Burodin da ake rabawa da kati ɗan mitsitsi ne, an cuɗa shi da ƙaiƙayin gero da wasu tarkace, yana marmashewa a hannu. Mutane suka koma cin ɓawon dankali da wani abu da suke kira makukha, wato tunkuzar da ke saura bayan an matse man 'ya'yan furen nan mai bin rana. A ido kamar ƙuliƙuli, amma abincin dabbobi ne, ga tauri kamar dutse. Mace takan ɗaure zanen gado da agogon bango da takalman mijin da ya tafi yaƙi, ta taka da ƙafa tafiyar kwana biyu ko uku cikin dusar ƙanƙara zuwa ƙauye, ta musanya su da ɗan awon gero ko dankali. A hanyar dawowa ɗan sanda yana iya karɓe shi duka a bakin gari.

Idan na buɗe irin wannan littafi, abin da nake fara nema ke nan: daga ina abincin gidan nan ke fitowa? In an kai shafi na ɗari jarumar tana soyayya, tana kai wa 'yan sari-ka-noƙe saƙo a cikin dare, amma ba a taɓa nuna mini wa ke ba ta burodi ba, balle abin da ta biya, to marubucin bai shiga garin ba tukuna. Domin a Kiyef ta 1942 cikin mutum yana rataye da takardar aiki, aikin kuma duk na ɗan mamaya ne. Mai gyaran layin dogo hanyar harsashi zuwa gabas yake gyarawa. Mai wanke-wanke a kantin sojoji da ragowar miyarsu take raya 'ya'yanta. Malamar da ta iya Jamusanci ta zama tafinta, tafinta kuwa da kalma ɗaya yake ceton rai, da kalma ɗaya yake salwantar da shi. Wa ya ci amanar ƙasa a cikinsu? Rahoton hukuma ɗaki biyu gare shi, na jarumai da na maciya amana. Yawancin mutanen gari a tsakar gida suka kwana, kuma a nan ne mai ƙaga labari yake da aikin da masanin tarihi ba zai iya yi masa ba.

Bayan burodi sai takarda. Daga farkon 1942 Jamus ta fara ɗiban ma'aikata. Da talla aka fara, hotunan 'yan mata suna murmushi a gonakin Jamus, har wasu suka kai kansu. Da labarin abin da ake ciki ya dawo gida, sai aka koma kame: a zagaye kasuwa ko gidan silima a kwashe duk mai jini a jika. Fiye da mutum miliyan biyu aka kwasa daga Yukiren, da yawansu 'yan mata ne da samarin da ba su kai ashirin ba, aka ɗinka musu ƙyalle a ƙirji mai rubutun OST, wato 'yan gabas. Dattawanmu da suka ga ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos a shekarun wannan yaƙin za su gane ƙirar abin, yadda ake yanka wa kowane mai gari adadin da zai kawo, ko da yake na Jamus ya fi muni nesa ba kusa ba. A can ma starosta, wato mai garin da 'yan mamaya suka naɗa, shi ke rubuta sunaye. In ya cire 'yar ƙanwarsa, dole ya sa 'yar wani. Iyaye suka shiga dabaru: auren bogi, takardar likita ta ƙarya, shafa wa fata abin da zai feso da ƙuraje kamar ƙazuwa, don an san Jamusawa da tsoron cuta mai yaɗuwa. Likitan da ya sa hannu a irin wannan takarda ya ɗora wuyansa a kan wuƙa ne, kuma shi ma albashin 'yan mamaya yake ci.

Sai maƙwabci. Jamusawa ba su da yawan da za su tsare kowane lungu, amma da ɗan gari akan ci gari. 'Yan sandan da suka ɗauka daga mutanen ƙasa, waɗanda ake kira politsai, su suka san gidan da aka ɓoye Bayahude da gidan da ɗansu ya shiga daji. Wasu ƙiyayya ta kai su, wasu kwaɗayi, wasu kuma fursunonin yaƙi ne da aka ba zaɓi tsakanin kaki da mutuwar yunwa a sansani. A bakin tsofaffin da suka rayu, sau da yawa sunan politsai ya fi na Bajamushe ɗaci, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Har yau kalmar zagi ce. Manomi kuwa gaba kura baya sayaki: da dare 'yan daji su zo da bindiga neman abinci, da rana Jamusawa su zo tambayar wa ya ba su. A Koriukivka, cikin yankin Chernihiv, bayan wani harin 'yan sari-ka-noƙe, an kashe mutum kusan 6,700 a farkon Maris 1943, aka ƙone garin ƙurmus.

Duk wannan bai kai ga abin da ya fi nauyi ba. Kwana biyar da shigar Jamusawa Kiyef, ranar 24 ga Satumba, nakiyoyin da Sobiyet suka binne kafin su janye suka fara tashi a Khreshchatyk, babban titin birnin, wuta ta yi kwanaki tana cin tsakiyar gari. Aka ɗora wa Yahudawa laifin. Ranar 28 aka manna sanarwa a bango: duk Yahudawan birnin su hallara gobe Litinin da ƙarfe takwas na safe kusa da maƙabarta, su zo da takardunsu da kuɗi da kayan daraja da tufafin sanyi, wanda ya ƙi za a harbe shi. Akwai tashar jirgin kaya a kusa da wurin, don haka da yawa suka ɗauka ƙaura za a yi da su. Suka fito da tsofaffi a amalanke, jarirai a hannu. A bakin wani kwazazzabo mai suna Babin Yar aka tuɓe su aka harbe. Rahoton da masu kisan suka aika Berlin da hannunsu ya ce mutum 33,771 cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumba. Rundunar Paul Blobel ce ta jagoranci aikin, da taimakon bataliyoyin 'yan sandan Jamus da 'yan sandan gida. Daga nan har ƙarshen mamaya ba a daina kai mutane wurin ba: 'yan ƙabilar Roma masu yawo, majinyatan asibitin masu taɓin hankali, fursunonin yaƙi, 'yan kwaminis, da 'yan kishin Yukiren. A faɗin ƙasar kimanin Yahudawa miliyan ɗaya da rabi aka kashe, yawancinsu da harsashi, a bayan garinsu, inda maƙwabta ke jiyo ƙarar.

Wannan na ƙarshe shi ne abin lura. Marubucin da ya kafa labarinsa a wani garin Yukiren na 1941, amma babu ɗakin da ya zama kango dare ɗaya, babu matar da aka gani washegari sanye da rigar sanyin maƙwabciyarta, ya share mutum miliyan ɗaya da rabi da alƙalami. Haka wanda ya mai da kowane ɗan gari mai ceto. Masu ceton akwai su, cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila, mai tunawa da kisan Yahudawa, ta karrama fiye da 2,600 daga Yukiren. Akwai limamin coci Oleksiy Hlaholev a unguwar Podil ta Kiyef da ya riƙa ba Yahudawa takardun baftisma, matarsa ma ta ba wata mata takardunta na shaida, alhali hukuncin ɓoye Bayahude kisa ne. Amma akwai waɗanda suka nuna ƙofa. Akwai farmakin da 'yan gari suka yi wa Yahudawan Lviv a farkon Yulin 1941, akwai kisan dubun-dubatar 'yan Folan a Volhiniya a 1943 a hannun mayaƙan UPA 'yan kishin Yukiren. Littafin da ya riƙe wasu daga cikin waɗannan ya saki wasu don kada ran wani ya ɓaci, sunansa talla.

To me ya sa nake matsa wa marubuci haka, alhali ya faɗa tun a bango cewa ƙage ne? Saboda abin da hukuma ta yi da labarin. A rahoton kwamitin binciken Sobiyet kan Kiyef da aka buga a 1944, an goge kalmar Yahudawa aka sa "farar hula 'yan Sobiyet". Ba a gina wa matattun komai ba. Maimakon haka aka riƙa kwararo taɓon masana'antar bulo cikin kwazazzabon don a cike shi. Ranar 13 ga Maris, 1961 madatsar ta fashe, taɓo ya malale unguwar Kurenivka, hukuma ta ce mutum 145 suka mutu, mutanen gari kuma ba su taɓa yarda da wannan adadi ba. Sai a 1976 aka kafa mutum-mutumi a wurin, shi ma bai ambaci Yahudawa ba. Alamar da ta ambace su sai a 1991, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta rushe.

Inda kuma aka yi shiru kan abin da ya faru, sai aka ɗaga murya kan abin da bai faru ba. Masu son ƙwallo wataƙila sun ji labarin wasan mutuwa: wai 'yan wasan Dynamo Kiyef sun kara da sojojin Jamus, aka gargaɗe su su bari a ci su, suka ƙi, aka harbe su da kayan wasa a jikinsu. Ga abin da aka tabbatar. Wasu tsofaffin 'yan wasan Dynamo da na Lokomotiv suna aiki a gidan burodi, suka kafa ƙungiya mai suna Start. Ranar 9 ga Agusta, 1942 suka ci ƙungiyar sojojin Jamus ta Flakelf 5 da 3. Ba wanda ya taɓa su a ranar. Bayan mako guda ma sun sake buga wani wasan. Daga baya a watan aka kama wasunsu, ɗaya ya mutu a hannun Gestapo, wato 'yan sandan asirin Jamus, uku kuma, ciki har da mai tsaron gida Trusevych, aka harbe su a sansanin Syrets a Fabrairun 1943, wata shida bayan wasan. Masu gabatar da ƙara a Hamburg sun rufe bincikensu a 2005 ba tare da samun hujjar cewa wasan ne sanadi ba. Labarin gaskiyar ya fi na ƙagen ɗaci: taurarin ƙwallo suna sharar harabar gidan burodi don su ci abinci, suna buga wasa a gaban 'yan mamaya, abin da hukumar Sobiyet da farko ta kalla da idon zargi. Amma tatsuniyar ta fi daɗin fim, ita ta zagaya duniya.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan tarko shi ne Anatoli Kuznetsov. Yana ɗan shekara goma sha biyu a Kurenivka lokacin da Jamusawa suka shigo, gidansu ba nisa da kwazazzabon, yana jiyo harbin. Littafinsa mai suna Babi Yar, wato Babin Yar da Rashanci, ya kira shi takardar shaida a siffar ƙagaggen labari, ya kuma faɗa tun farko cewa babu ƙage a ciki. Akwai kakansa da ya yi murna da zuwan Jamusawa don ƙiyayyar da yake wa mulkin Sobiyet, daga baya ya dawo yana tsine musu. Akwai shi kansa yaron yana tallar sigari a kasuwa, yana taya wani mutum yin tsiran naman doki. Akwai shaidar Dina Pronicheva, 'yar wasan gidan 'yar tsana, wadda ta faɗa cikin ramin kafin harsashi ya same ta, ta kwanta cikin gawarwaki har dare, ta tono kanta daga ƙasa, ta kuma ba da shaida a kotu a Kiyef a 1946. Da mujallar Yunost ta buga littafin a 1966, masu tace rubutu sun yanke kaso mai yawa, musamman duk inda ya taɓa laifin Sobiyet. A 1969 Kuznetsov ya samu izinin zuwa Landan da sunan binciken rayuwar Lenin, ya tsere, ɗauke da hoton cikakken rubutun a fim ɗin kyamara. Bugun 1970 ya fito da salon baƙi iri-iri: abin da aka bari a 1966 da baƙi na yau da kullum, abin da aka yanke da wani salon daban, abin da ya ƙara daga baya a cikin baka. Mai karatu yana ganin labarin, yana kuma ganin sawun almakashi a shafi ɗaya. Ban san wani littafin da ya nuna wa mai karatu tabonsa haka ba.

Kada a ce ina ƙin ƙagen ne gaba ɗaya. Vasili Grossman ɗan Berdychiv ne, kuma an kashe mahaifiyarsa a can tare da dubban Yahudawan garin a Satumban 1941, yana bakin daga a matsayin ɗan jarida. Bai samu wasiƙar bankwana daga gare ta ba. Sai ya rubuta ta da kansa, ya sa ta a bakin wata uwa likita a babban littafinsa na yaƙin Stalingrad, wanda 'yan sandan asirin Sobiyet na KGB suka ƙwace a 1961, bai ga haske ba sai a 1980 a Suwizalan, shekara goma sha shida bayan rasuwarsa. A wasiƙar, uwar tana ba ɗanta labarin yadda maƙwabta ke gardama a gabanta kan wa zai gaji kujerunta, da yadda wani wanda ba ta zata ba ya ɗaukar mata kaya zuwa unguwar da aka killace su. Wasiƙar ƙage ce tsantsa, babu ita a kowace ma'ajiyar takardu. Amma ranar da aka kashe su ba ta motsa ba, garin bai canja ba, makasan su ne makasan. Muryar da harsashi ya katse kawai ya mayar. Wannan shi ne ƙagen da ya halatta, kuma babu rahoton da zai iya maye gurbinsa.

Yawancin littattafan kasuwa suna ƙarewa ne ranar da tankokin Sobiyet suka shigo, a rungume juna a yi kuka. Ga wanda ya rayu a mamaya, ranar ce aka buɗe sabon fayil. Mazan da aka tarar an tura da yawansu bakin daga nan take, wasu ko kaki ba a ba su ba. 'Yan matan da suka dawo daga Jamus sai da suka bi ta sansanonin tantancewa, da yawansu suka ɓoye wa 'ya'yansu cewa sun taɓa zuwa. Shekaru bayan haka, takardar neman aiki ko shiga jami'a tana tambaya: kai ko danginka kun zauna a yankin da aka mamaye? Amsar "e" tana iya rufe wa mutum ƙofa. Gwamnatin da ta janye ta bar su ita ke tuhumarsu da zama. Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Mutanen Gwoza da Bama da ba su samu gudu ba a 2014, musamman mata, sun san irin kallon da aka yi musu bayan sojoji sun ƙwato garuruwan a 2015.

Yanzu kuma abin ya dawo Yukiren da ransa. Kherson ta zauna a hannun Rasha daga farkon Maris zuwa 11 ga Nuwamba, 2022. Tsofaffin tambayoyin suka taso da sabon kaya: malamar da aka ce ta koyar da manhajar Rasha ko ta bar aji, tsohon da aka matsa wa karɓar fasfon Rasha, ma'aikacin ruwa da wuta da in ya ƙi aiki unguwarsu ce za ta kwana a duhu. A Maris 2022 majalisar Yukiren ta yi dokar hukunta haɗa kai da 'yan mamaya, an buɗe dubban shari'o'i, kuma ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna damuwa cewa faɗin dokar yana iya haɗawa da mutanen da aikin yau da kullum kawai suka yi. Wanda ke rubuta labarin 1942 a yau yana rubutu ne bindigogi biyu na kallonsa. Mosko ta kira yaƙinta na kawar da 'yan Nazi, tana son kowane ɗan Yukiren na littafi ya fito a politsai. A ɗaya ɓangaren kuma akwai sha'awar a wanke tarihi fes don kada abokin gaba ya samu abin kamawa. Marubucin da ya biye wa ɗayansu ya koma aikin masu almakashin 1966, sai dai shi da hannunsa yake yankan.

Littattafan wannan sabuwar mamayar suna tafe, kuma kayan aikinsu na nan a ajiye. A ƙauyen Yahidne na yankin Chernihiv, sojojin Rasha sun tusa mutum fiye da 360 a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na makarantar garin, kusan duk watan Maris na 2022. Akwai jariri ɗan wata ɗaya da rabi, akwai tsoho mai shekara casa'in da 'yan kai. Babu wurin miƙe ƙafa, wasu a zaune suke barci, iska ba ta isa ba. Mutum goma suka mutu a ciki. Don kada kwanaki su ɓace musu, suka zana kalanda a jikin ƙofa suna soke ranaku ɗaya bayan ɗaya. A gefe guda suka rubuta sunayen waɗanda aka harbe, a ɗaya gefen sunayen waɗanda suka mutu a ɗakin. Wata rana wani marubuci zai sauka matakalar nan da littafin rubutunsa. Zai ƙirƙiro yarinyar da ke zaune a kusurwa, da abin da kakarta ke raɗa mata a kunne cikin duhu, da sojan da ya miƙo mata biskit ya kawar da kai. Sunayen da ke gefen ƙofar da ranakun da aka soke kuwa, mutanen da suka rubuta su suna nan da ransu a ƙauyen, kuma za su karanta littafin.